Darasi na 4: Shekarun Duniya da Tarihin Al'ummai

Abin karantawa: Farawa 5:1-32, 11:10-26, Matta 1:1-17, Zabura 90.
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 11:3.

A makon jiya mun karanta labarin halitta, muka ga Allah shi kaɗai ne Mahalicci, ba shi da mafari, ba shi kuwa da abokin aiki. Yau za mu ɗauki wata tambaya wadda ta kan taso kusan duk sa'ad da aka buɗe Littafin Farawa a cikin aji, watau, shekarun duniya nawa ne?

Ba don son gardama mu ke ɗaukarta ba. Ga dalili. 'Ya'yanmu na Kwaja da Gella da sauran ƙauyukan kan dutse su kan gangara Mubi neman ilimi. A can a ke koya musu duniya ta yi shekara wajen miliyan 4,500. Su komo gida hutu, su iske wani mai wa'azi yana cewa shekara 6,000 ce tak, wanda ya ƙi wannan kuwa ya ƙi Maganar Allah. Sai yaro ya tsaya tsakani. Waɗansu su kan yi shiru, su zauna da zuciya biyu, ɗaya ta Lahadi, ɗaya ta Litinin. Waɗansu kuwa su kan bar sujada sarai, gama suna tsammani an ce musu su zaɓa tsakanin Littafi da gaskiya. Tun da ya ke rayuka ne a ciki, ya wajaba mu bincika al'amarin a natse.

Inda lissafin ya fito

Abu na fari da za mu lura shi ne, babu wata aya wadda ta faɗi shekarar halitta. Mu buɗe daga Farawa har Ru'ya, ba za mu same ta ba. Lissafi ne na mutane.

Wanda lissafinsa ya fi shahara shi ne James Ussher, babban bishop na Armagh a ƙasar Ailan, mutum mai zurfin ilimi da tsoron Allah. A 1650 ya fitar da littafinsa na tarihin duniya. Ya tara shekarun da ke cikin Farawa 5 da 11, ya haɗa da zamanin alƙalawa da na sarakuna, ya gwada su da tarihin Babila da Farisa da Roma, sa'an nan ya ce an halicci duniya a watan Oktoba na shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu, Ruwan Tufana kuwa ya sauko a 2349. Daga 1701 masu ɗab'i a Ingila suka shiga buga lissafinsa a gefen shafin Littafi Mai Tsarki na Turanci. Da aka daɗe ana ganin lambar nan kusa da aya ta fari, sai jama'a suka manta da iyakar da ke tsakanin abin da Musa ya rubuta da abin da bishop ya ƙidaya.

Amma ba Ussher kaɗai ya yi ƙidaya ba, ba kuwa dukan masu ƙidaya suka sauka wuri ɗaya ba. Kalandar Yahudawa tana farawa daga 3761 kafin haihuwar Almasihu. Ekklesiyar Girkawa ta riƙe 5509, da wannan kuwa Rasha ta yi ta ƙirga shekarunta har 1700. Ekklesiyar Habasha, wadda ta girmi ta Ingila ta zamanin Ussher nesa ba kusa ba, ta riƙe 5493. Me ya kawo wannan bambanci? Tsofaffin kofe na Littafin Farawa ba su daidaita a kan lambobi ba. Na Ibrananci ya ce Adamu yana da shekara 130 ya haifi Shitu. Tsohuwar fassarar Girkanci, wadda manzanni suka sha ɗauko ayoyi daga cikinta, ta ce 230. Daga Adamu zuwa Tufana, na Ibrananci ya ba da shekara 1,656, na Girkanci 2,242, na Samariyawa 1,307. Daga Tufana zuwa haihuwar Ibrahim, wani ya ba da 292, wani fiye da 1,000. Sunayen da koyarwar suna nan daram a cikinsu duka. Lambobin ne suka sha bamban.

Kowace al'umma da igiyarta

Mai ɗiban ruwa ya kan auna zurfin rijiya da igiyar gugansa. Wanda igiyarsa gaba goma ce, in aka ce masa akwai rijiya mai gaba ɗari, da wuya ya gaskata. Haka al'ummai su ke da zamani. Kowacce tana da tsawon abin da ta ke tunawa, da shi kuwa ta ke auna abin da aka gaya mata.

Ga misali wanda ya isa a tsaya a kansa. A ƙarni na 17 limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka shiga ƙasar Sin da bishara. Suka tarar da malaman ƙasar suna da littattafan sarakuna jeri-jeri. Ɗaya daga cikin limaman, Martino Martini, ya rubuta tarihin Sin a 1658, ya sa sarkinsu na fari, Fuxi, a shekara ta 2952 kafin haihuwar Almasihu, watau shekara 600 kafin Tufana bisa ga lissafin Ibrananci. To, ƙaƙa za a gaya wa malamin Sin ruwa ya shafe duniya a lokacin da littattafansa su ke nuna sarki yana kan gado? Sai limaman suka nemi izini daga Roma su yi aiki da lissafin Girkanci mai tsawo, aka kuwa ba su. Ba su sāke Littafi ba, ba su rage kome daga bishara ba. Tarihin al'ummar da suka tarar ne ya tilasta musu su sāke duban ƙidayarsu. Masanan yau sun ɗauki Fuxi a kan almara, amma wannan bai rage darasin ba.

A Ingila ma haka. Mutumin da ya tashi yana ganin kangayen Romawa a bayan garinsu, da manyan duwatsun Stonehenge waɗanda aka kafa tun kafin zamanin Ibrahim, kunnensa ya saba da dogon zamani. Waɗanda suka fara nazarin duwatsu a can, da yawansu limaman ekklesiya ne, irin su William Buckland da Adam Sedgwick. Sedgwick ya daɗe yana koyar da cewa tsakuwa da yashin da ke shimfiɗe a kwarurukan Ingila aikin Tufana ne. A 1831 ya miƙe gaban 'yan'uwansa masana ya ce ya yi kuskure. Ya kuwa ci gaba da limancinsa har ya mutu.

Yanzu mu juya wajen Amurka, gama daga can ne yawancin littattafai da fina-finan da ke koyar da shekara 6,000 su ke iso mana. Amurka ƙasa ce wadda ta san ranar haihuwarta, 4 ga Yuli 1776. Garin Ingilishi na fari da ya zauna a can, Jamestown, na 1607 ne. Tana da takardar tsarin mulki wadda aka rubuta a 1787, jama'a kuwa sun saba da cewa al'umma ta kan fara ne rana ɗaya, da rubutu ɗaya. Waɗansu masu tunani suna gani wannan ya sa shekara 6,000 ta zama abu mai tsawo ƙwarai a idon Ba'amurke, tun da ya ke ta ninka tarihin da ya koya a makaranta fiye da sau goma. Cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a ta samu a 2019 cewa kashi 40 cikin ɗari na Amurkawa sun gaskata Allah ya halicci mutum yadda ya ke yanzu cikin shekara 10,000 da suka wuce. A 2024 kashi 37 ne.

Akwai gaskiya cikin wannan magana, amma kada mu ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ita Amurka ba sabuwar ƙasa ba ce. Mutanen asali sun zauna cikinta fiye da shekara 13,000 kafin jirgin Turawa ya iso. Abin da ya gajarta shi ne tarihin da aka zaɓa a tuna. Har wa yau kuma, koyarwar nan ba ta daɗe da yin ƙarfi a can ba. Littafi Mai Tsarki na Scofield, na 1909, wanda masu riƙon Littafi da gaske su ke ƙauna, ya koyar da cewa akwai dogon zamani tsakanin aya ta 1 da ta 2 ta Farawa. A shari'ar Scopes ta 1925 a jihar Tennessee, William Jennings Bryan, wanda ya tsaya domin kāre Littafi, da bakinsa ya yarda kwanakin halitta suna iya zama dogayen zamanai. Wanda ya dage a kan cewa Tufana ce ta shimfiɗa dukan duwatsu shi ne George McCready Price, ɗan ɗarikar Adventist, cikin littafinsa na 1923. Ba ta bazu cikin sauran ekklesiyoyi ba sai da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar da littafinsu The Genesis Flood a 1961, shekarar da mu nan mu ke jefa ƙuri'ar shiga Nijeriya. Faɗan da aka yi a kan abin da za a koyar a makarantun gwamnati, da tsoron kafircin zamani, su ma sun hura wutar.

Ga kuma Koriya ta Kudu, wadda ta ke alfahari da tarihi mai tsawo, tana ƙirga asalinta daga 2333 kafin haihuwar Almasihu, duk da haka koyarwar ta sami gindin zama a ekklesiyoyinta. Ken Ham kuwa, wanda ya buɗe gidan nunin halitta a Kentucky a 2007, mutumin Ostareliya ne. Ashe tarihin al'umma ba shi ne ke haifar da koyarwar ba. Sai dai ya kan gyara ƙasa, ko ya taurara ta, kafin iri ya faɗi.

Tamu igiyar

To, mu fa? Ina tsawon tamu igiyar?

Mutumin da aka haifa a ƙasar Mubi a 1900, in Allah ya ba shi tsawon rai, ya ga iko huɗu. An haife shi a zamanin ikon Fulanin Adamawa, wanda ya samo tushe daga tutar da Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama. Jamus suka zo a 1903. Ingilishi suka karɓa a lokacin Yaƙin Duniya na Fari. A Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'a, ran 1 ga Yuni kuwa ƙasar ta shiga Nijeriya, aka kira ta Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata. Kowane mai iko da ya zo ya kan fara tarihi daga ranar zuwansa. Mu ma na ekklesiya ba mu kuɓuta daga wannan hali ba. Mu kan fara labarinmu daga 17 ga Maris 1923, ranar da Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida, ko daga 1932 da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ranaku ne masu albarka, ba mu musu. Amma in muka bar yaro ya tashi yana tsammani babu kome a duwatsun nan kafin 1923 sai duhu, mun gajarta masa igiya, mun kuma koya masa raina kakanninsa waɗanda Allah bai bar kansa ba shaida a wurinsu ba, kamar yadda Bulus ya gaya wa mutanen Listra a Ayukan Manzanni 14.

A littattafan makaranta, tarihin Arewa ya kan fara da Bayajida da rijiyar Daura, ko da Bagauda wanda aka ƙiyasta ya ci sarautar Kano a 999. Shekara dubu ke nan da 'yan kai. Ga mai irin wannan igiya, 6,000 ta isa ta yi yawa, ba ya kuwa jin wani ƙunci cikinta. Ta wannan fuska mun fi kama da Ba'amurke bisa ga malamin Sin.

Amma ƙasar da mu ke takawa tana da nata jawabi. Mu ɗaga ido mu dubi gonakin da kakanni suka ɗaure da duwatsu hawa-hawa a jikin tsaunukan Mandara. Ba aikin tsara ɗaya ba ne. A Sukur, cikin ƙasar Madagali, akwai fadar Hidi da hanyoyin dutse da wuraren narkar da tama, har hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gādon duniya a 1999, shi ne na fari a Nijeriya. Gumakan yumɓu na Nok sun haura shekara 2,000. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne na Dufuna a jihar Yobe. A 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya, ya kai wajen mita 5, sai ya ci karo da itace. Da masana na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an sassaƙa shi da gwaninta. Aka auna shi, ya ba da shekara wajen 8,000. Watau wani masassaƙi ya zauna ya fafe jirgin nan shekara 2,000 kafin ranar da Ussher ya ce an halicci sama da ƙasa.

Wani zai ce, ina aka san awon gaskiya ne? Tambaya ce mai kyau. Kowane itace, muddin yana da rai, yana shan wani irin sinadari daga iska, wanda a ke kira kabon 14. Ran da aka sare shi sai shan ya tsaya, abin da ke ciki kuwa ya riƙa raguwa, rabinsa ya kan tafi cikin shekara 5,730. In aka auna saura, sai a san lokacin da aka sare. Ba a kuwa dogara ga wannan kaɗai ba. An gwada shi da zoben da itace ke yi a cikinsa kowace shekara, aka jera zoben tsofaffin itatuwa a Jamus, ɗaya na kama ɗaya, har fiye da shekara 12,000, ana ƙirgawa kamar yadda a ke ƙirga damuna. Shekarun duwatsu kuwa da waɗansu sinadarai a ke auna su, masu raguwa a hankali ƙwarai.

Yadda dattawa ke jera asali

A nan ne mu mutanen dutse mu ke da wata riba wadda bishop na Armagh bai samu ba. Mun san yadda a ke jera asali da baki. Je ka wurin tsoho ka tambaye shi kakanninsa. Zai faɗi ubansa, da kakansa, da uban kakansa, watakila har shida ko bakwai. Daga nan sai ya yi tsalle ya kama sunan wanda ya fara sāre dajin, ya ce shi ne ya haife mu. Ƙarya ya yi? Ko kaɗan. Ba shekaru ya ke ƙirga maka ba. Yana nuna maka ko kai na wane ne, wace gona ce taku, wace yarinya ce ba ta auruwa gare ka. Haka a ƙasar Hausa a kan ce da dukan zuriyar Shehu jikokin Shehu, ko tsara nawa ta shiga tsakani.

Yanzu mu buɗe Matta 1. Aya ta 1 ta kira Yesu ɗan Dawuda, ta kira Dawuda ɗan Ibrahim, alhali tsakanin Yesu da Dawuda shekara wajen 1,000 ce. A aya ta 8 an ce Yoram ya haifi Uzziya. Mu gwada da 1 Labarbaru 3:11-12, za mu ga sarakuna uku a tsakaninsu, Ahaziya da Yowash da Amaziya. Matta ya san da su sarai. Ya tsallake su domin ya jera tsara goma sha huɗu sau uku. Ezra ma, cikin sura 7, ya tsallake sunaye shida daga asalinsa na kansa, in muka gwada da 1 Labarbaru 6. Luka 3:36 kuwa ya sa Kainan tsakanin Arfakshad da Shela, sunan da babu shi a Farawa 11 na Ibrananci. Wani malamin Tsohon Alkawari na Princeton, William Henry Green, wanda ba a taɓa zarginsa da sassauci wajen riƙon Littafi ba, ya tattara waɗannan a 1890, ya ce ba a ba mu jerin asali domin mu ƙirga shekarun duniya da shi ba. Musa kansa bai tara lambobin ba, ba kuwa wani annabi ko manzo da ya tara.

Ya kamata mu ji 'yan'uwanmu masu riƙon shekara 6,000 da kunnen adalci, gama ba wawaye ba ne, ba kuwa don mugunta su ke yi ba. Su kan ce Farawa 5 ya bambanta da Matta 1, domin ya faɗi shekarun uba sa'ad da ya haihu. Su kan nuna Fitowa 20:11, inda aka kafa Asabbaci a kan kwana shida. Su kan kuma tambaya, in dabbobi sun yi ta mutuwa tun kafin Adamu, ina ma'anar Romawa 5:12? Waɗansu masu bi su kan amsa cewa mutuwar da Bulus ya ke zance ta 'yan adam ce, kalmar rana kuwa a Farawa 2:4 ta ɗauke dukan aikin halitta gaba ɗaya, rana ta bakwai kuma ba a faɗi maraicenta ba. Mu ma sai mu faɗi gaskiya a namu gefe: tsallaken sunaye ba ya warware kowane ƙulli, akwai tambayoyi a kan Adamu da tsofaffin ƙasusuwan da a ke tonowa waɗanda masu bi na kirki ba su gama daidaitawa a kansu ba.

Abin da mu ke gani shi ne, shaidar tsufan duniya tana da ƙarfi, ta kuwa fito ta hanyoyi da yawa waɗanda ba su dogara da juna ba. Ba mu ga inda Littafi ya umurce mu mu musunta ta ba. Shahadar Manzanni da mu ke faɗa ran Lahadi ta ce Allah ne Mahaliccin sama da ƙasa, ba ta sa shekara ba. Saboda haka ba mu da iko mu mai da 4004 ƙofar shiga ekklesiya, ko mu ce da ɗalibin da ya komo da tambaya ya yi ridda. Haka kuma shi ɗalibin ba shi da iko ya yi wa dattijo dariya. Musa, wanda a ke danganta Farawa gare shi, shi ne kuma a ke danganta Zabura 90 gare shi, inda ya kwatanta shekara dubu a gaban Allah da jiya wadda ta shige. Ya ambaci duwatsu da tsufansu, ya ce Allah ya riga su, sa'an nan bai roƙi a koya masa shekarun duniya ba, sai ya roƙi a koya mana ƙidayar namu kwanaki.

Tambayoyi domin aji

1. Ku tara shekarun Farawa 5 da kanku, daga Adamu zuwa Tufana. Nawa kuka samu? A wace shekara Metusela ya mutu?
2. Ku gwada Matta 1:8 da 1 Labarbaru 3:11-12. Don me Matta ya tsallake sarakunan nan, bisa ga aya ta 17?
3. In ɗanka ya komo daga makaranta ya ce an koya masa labarin jirgin Dufuna, ya tambaye ka ko Littafi ya yi kuskure, me za ka fara ce masa?

Aikin mako: kowa ya je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a zuriyarsu, ya roƙe shi ya jera masa kakanni har inda ya iya. A rubuta sunayen, a lura da inda ya yi tsalle, a kawo ran Lahadi. A kuma karanta Farawa 6 zuwa 9 domin darasi na gaba.